Sunan Bello: Yawansa da Masu Ɗauke da Shi

1. Maƙasudin wannan takarda

Duk malamin da ya taɓa kiran rajista a wata makaranta ta Arewacin Nijeriya, da wuya a ce bai taɓa kiran Bello ba. Wani lokaci sunan yakan zo a farko, wani lokaci a tsakiya, wani lokaci kuwa a ƙarshe, watau a gurbin nan da takardun hukuma suka keɓe domin sunan dangi. In malamin ya bar Sakkwato ya koma aiki Ilori, ko Okene, ko Ikko, nan ma zai tarar da shi a rajista. Har wanda ya haye teku ya je Italiya, ko Cile, ko tsibiran Filifin, zai ga an rubuta haruffan nan biyar a ƙofar wani kanti ko a bangon wani littafi.

Saboda haka mutane sukan yi tambaya biyu a kan sunan nan: yaya yawansa yake, kuma su wane ne ke ɗauke da shi? Abin da nake so in nuna shi ne, ba a iya amsa tambaya ta fari amsa mai ma'ana sai an fara warware ta biyu. Dalili kuwa, mutanen da ke rubuta Bello a gurbin sunan dangi sun same shi ta hanyoyi dabam dabam, kuma galibinsu babu jinin da ya haɗa su. Wanda ya tara su duka ya ƙirga, ya ce ga yawan dangin Bello, to, ya zuba gero da dawa da maiwa cikin mudu ɗaya ne ya auna.

2. Kalmomin da za a yi aiki da su

Kafin mu shiga zance, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi huɗu. A al'adar Hausawa, ran da jariri ya cika kwana bakwai akan raɗa masa suna a yanka rago. Wannan shi ne sunan yanka, kamar Musa, ko Ibrahim, ko Hauwa. Bayan wannan akwai laƙabi, wanda yakan fito daga ranar haihuwa, kamar Ɗanladi da Ɗanjuma, ko daga halin da aka haifi yaro a ciki, kamar Tanko ga wanda ya biyo mata, ko kuwa daga kunyar da uwa ke yi ta kama sunan ɗanta na fari ko na surukinta. Na uku shi ne sunan mahaifi, wanda a dā ba a ɗauke shi sunan mutum ba. Bayani ne kawai ake ƙarawa in ana so a rarrabe, a ce Musa ɗan Audu, kamar yadda akan rarrabe da sana'a ko gari a ce Audu Maƙeri ko Garba na Kano.

Na huɗu shi ne wanda zan kira sunan gado. Abin da nake nufi da shi shi ne suna wanda kaka ya ɗauka, ɗansa ya ɗauka, jikansa ya ɗauka, ba tare da ya sake ba, irin na Ingilishi da Faransawa da mutanen Sin. Hausawa ba su gāji wannan tsari ba daga kakanninsu. Tarihin Bello kuwa, a taƙaice, tarihi ne na suna guda da ya taka matakan nan huɗu ɗaya bayan ɗaya: ya fara yana laƙabi, ya zama sunan yanka, ya shiga takarda a matsayin sunan mahaifi, sa'an nan a wasu gidaje ya daskare ya zama sunan gado.

3. Asalin kalmar

Bello ba Larabci ba ne, ba ya kuwa cikin sunayen Annabawa ko na Sahabbai. Daga Fulatanci ya shigo Hausa. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ma'anarsa “mataimaki”, daga saiwar nan “wall-” mai nufin taimakawa. Mai karatu yana iya tambaya, ina “w” ta tafi har “b” ta maye gurbinta? Amsa ita ce, ɗabi'ar Fulatanci ce baƙin farko na kalma ya riƙa sauyawa bisa ga ajin da kalmar ta shiga. Shi ya sa ake cewa “Pullo” ga mutum ɗaya, “Fulɓe” ga jama'a; “gorko” namiji, “worɓe” maza; “debbo” mace, “rewɓe” mata. Hakanan “w” da “b” suke musanya wuri, har daga saiwar “wall-” aka sami “ballal”, watau taimako.

Da sunan ya shigo bakin Bahaushe, sai ya bi ƙa'idodin Hausa. Karin sautinsa sama ne a gaɓar farko, ƙasa a ta biyu. Wasalin ƙarshe gajere ne, kamar yadda ya ke ga yawancin sunayen mutane. A gwada Baƙo, sunan mutum, da baƙo mai dogon wasali wanda ya sauka a gida. Ban da wannan, gajeren “e” a cikin rufaffiyar gaɓa ba ya zama daram a Hausa, yakan karkata zuwa “a”, saboda haka ne ake jin mutane da yawa suna cewa Ballo, ko da ya ke Bello suke rubutawa.

Wani abin lura shi ne, tun farko Bello abokin tafiyar Muhammadu ne. Gida ɗaya yana iya samun 'ya'ya maza uku ko huɗu duk sunansu Muhammadu, ga shi kuma ba a son a riƙa kiran sunan da gatsali ko a haɗa shi da zagi in yaro ya yi laifi. Don haka akan liƙa wa kowane Muhammadu wani suna na biyu wanda za a riƙa kiransa da shi yau da kullum. Wasu daga ƙidayar Larabci aka ɗauko su, kamar Lawal da Sani da Salisu da Rabi'u. Wasu daga Fulatanci, kamar Dikko ga ɗan fari da Sambo ga na biyu. A gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa akwai Muhammadu Sambo, da Muhammadu Bello, da Muhammadu Buhari, duk 'ya'yansa. Yau duk waɗannan laƙabobi sun tsaya da ƙafafunsu, har akan raɗa su ran suna ba tare da an ambaci Muhammadu ba.

4. Yadda sunan ya bazu

Mutum guda ne ya ɗaukaka sunan nan, shi ne Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda aka haifa a 1781. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar mahaifinsa a 1817, ya riƙe mulki shekara ashirin, ya rasu a Wurno a 1837, can kuma kabarinsa yake. Baturen nan Kilafatan ya ziyarce shi a 1824, ya sake komowa a 1826, kuma ta labarin tafiyarsa ne mutanen Ingila suka fara karanta sunan Bello na ƙasar Hausa.

Al'adarmu ce a sa wa yaro sunan wani babba domin neman albarka da nuna ƙauna, a ce an yi masa takwara. Yadda darajar Shehu ta sa kusan kowane Usman ake ce masa Shehu, har laƙabin ya rinjayi sunan yanka, kamar ga Shehu Usman Aliyu Shagari, haka darajar ɗansa ta sa Bello ya cika gidajen sarakuna da na malamai. Ummarun Dallaje, wanda ya karɓo tuta ya ci Katsina, yana da ɗa Muhammadu Bello, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1844 zuwa 1869. Ibrahim Dabo na Kano shi ma yana da ɗa Muhammadu Bello, wanda rasuwarsa a 1893 ce ta buɗe ƙofar yaƙin basasar Kano. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda aka kashe a Burmi a 1903, daga gidan Atiku ya fito, amma ɗansa da ya ja sauran jama'a zuwa gabas sunansa Muhammadu Bello Mai Wurno, kuma garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan da laƙabinsa ake kiransa. A fagen adabi kuwa kowane ɗalibin Hausa ya san Muhammadu Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, wanda aka buga a 1934.

A lura, babu ɗaya daga cikin mutanen nan huɗu da ya fito daga tsatson Sarkin Musulmi Bello. Takwarorinsa ne duka. Daga fada da zauren malamai sunan ya gangara zuwa gidajen talakawa, na Fulani da na Haɓe, har ya zama ba ya nuna kabila ko matsayi. Ta wajen gabas ya bi Fulanin Adamawa ya shiga Kamaru, inda Bello Buba Maigari ya riƙe muƙamin Firayim Minista daga 1982 zuwa 1983.

5. Yadda ya shiga gurbin sunan dangi

Da Turawa suka kawo makaranta da aikin ofis, sai suka zo da takardu masu gurbi biyu, ɗaya na sunan mutum, ɗaya na sunan danginsa. Yaron da ya zo daga gida da suna guda, tilas a samo abin da za a cika gurbi na biyu da shi. A zamanin Kwalejin Katsina da makarantun Midil, sau da yawa sunan gari aka ɗauka, domin yara daga larduna dabam dabam suka taru, kuma kunya ba ta barin yaro ya kama sunan ubansa gatsau a gaban jama'a. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda sunan mahaifinsa Yakubu, da Aminu Kano, wanda sunan mahaifinsa Yusufu, da Sa'adu Zungur, da Isa Kaita, da Yahaya Gusau. Daga baya sunan mahaifi ya rinjayi sunan gari, shi ne kuwa aka fi bi yanzu.

In muka duba masu Bello a ƙarshen sunansu a ƙasar Hausa, za mu ga sun kasu kashi biyar.

Kashi na farko, waɗanda Bello nasu ne na kansu, rabin sunan yankansu ne aka tsaga aka jefa a gurbi na biyu. Misali shi ne Mai Shari'a Muhammadu Bello, Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Baƙon da ya ga sunansa a takarda zai zaci daga gidan Bello ya fito, alhali kuwa ɗan Wazirin Katsina Muhammadu Giɗaɗo ne.

Kashi na biyu, waɗanda Bello sunan mahaifinsu ne. Su ne mafiya yawa. Ga irin waɗannan, sunan tsara ɗaya kaɗai yake yi a gida. Malam Bello ya haifi Musa, a makaranta aka rubuta Musa Bello. Musa ya haifi Amina, aka rubuta Amina Musa, Bello ya fita ke nan.

Kashi na uku, waɗanda sunan ya daskare musu ya zama na gado. An fi ganin wannan a gidajen da uba ya yi suna a aikin gwamnati ko soja ko kasuwanci, 'ya'ya suka ga amfanin riƙe sunan da aka san gidan da shi. Kanar Sani Bello ya yi Gwamnan soja na Jihar Kano daga 1975 zuwa 1978. Ɗansa Abubakar Sani Bello ya yi Gwamnan Jihar Neja daga 2015 zuwa 2023. Ga Bello nan ya sauka daga uba zuwa ɗa yana nan a gurbinsa na ƙarshe.

Kashi na huɗu, waɗanda suka tsallake uba suka ɗauko sunan wani kaka mai daraja. Babban misali shi ne Sardaunan Sakkwato. A Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931, Ahmadu Raba ake ce da shi, da sunan garinsu. Mahaifinsa Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba ne, shi kuwa ɗan Muhammadu Bello. Ashe Bellon da ke cikin “Ahmadu Bello” yana nuni ne zuwa ga kakan mahaifinsa, kuma nan kam sunan yana faɗin nasaba da gaske.

Kashi na biyar, mata waɗanda suka sami sunan ta aure. A dā matar Bahaushe ba ta ɗaukar sunan mijinta, da sunan ubanta ake saninta har ta mutu, kuma har yanzu mata da yawa a kan haka suke. Amma al'adar Turawa ta shigo ta hanyar ofis da jarida. Matar Sardauna, wadda aka kashe tare da shi ran 15 ga Janairu 1966, Hafsatu Ahmadu Bello ake rubuta ta.

Yanzu sai mu juya tambayar: su zuriyar Sarkin Musulmi Bello fa, wane suna suke ɗauke da shi? Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, jikan Mu'azu ɗan Bello ne. 'Ya'yansa biyu sun hau gadon bayansa, Muhammadu Macciɗo a 1996 da Muhammadu Sa'ad Abubakar a 2006, babu kuwa wanda ya rubuta Bello a sunansa. To, ga masu sunan ba su da jinin, ga masu jinin ba su da sunan.

6. Bello a ƙasar Yarabawa da maƙwabtanta

A zamanin da Bello yake Sarkin Musulmi ne Ilori ta zama masarauta ƙarƙashin Gwandu, Abdussalami ɗan Alimi ya zama sarkinta na fari. Ta Ilori da Bida, da kuma ta fatake da malamai masu yawo, sunayen Musulmin Arewa suka gangara kudu. Harshe kansa shaida ne a kan hanyar da suka biyo. Balarabe “al-awwal” yake cewa. Bahaushe ne ya mayar da shi Lawal, kuma da wannan siffa ta Hausa Bayarabe ya karɓe shi. Badamasi ya zama Gbadamosi, Buhari ya zama Buari, kamar yadda albasa ta zama “alubosa”, lafiya ta zama “alafia”. Bello kuwa, tun da ba shi da asali a Larabci ko kaɗan, babu wata ƙofa da zai shigo ta cikinta sai ta Fulani da Hausawa. Yarabanci ba shi da baƙi mai ƙarfi irin na “ll”, saboda haka da “l” guda ake furta shi a can, amma an riƙe rubutun Arewa.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne wannan. Makarantun mishan da aikin ofis sun riga mu isa ƙasar Yarabawa, kuma tsarin sunan gado ya kafu a can tun da wuri. Mutumin da aka raɗa wa Bello a ƙarshen ƙarni na 19 ko farkon na 20, in 'ya'yansa suka shiga makaranta da sunansa, to, jikoki da tattaɓa-kunne duk Bello suke rubutawa har yau. Shi ya sa a Ikko ko Ibadan akan sami Kirista mai suna Bello, domin addinin gida yana iya sakewa sunan yana nan. Hakanan sunan ya shiga cikin Nufawa da Igbira; Yahaya Adoza Bello, Gwamnan Jihar Kogi daga 2016 zuwa 2024, mutumin Okene ne.

7. Wani Bello na ƙetare

Akwai kuma wani Bello wanda bai haɗa kome da namu ba sai haruffa. A Italiyanci da Sifaniyanci “bello” yana nufin kyakkyawa, daga kalmar Latin “bellus”. Laƙabi ne da aka yi wa wani kaka, ya daskare ya zama sunan gado ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Mutanen Italiya suna furta shi da “l” mai ƙarfi, kusan yadda muke yi; masu Sifaniyanci kuwa galibinsu “Beyo” suke cewa. Mulkin Sifen ya kai irin waɗannan sunaye Amurka ta Kudu da Filifin, inda wani gwamnan Sifen ya kafa doka a 1849 cewa kowane gida ya ɗauki sunan gado daga wani kundi da aka shirya.

Mafi shahara cikin masu wannan suna shi ne Andires Bello, wanda aka haifa a Karakas ta Benezuwela, ya zauna a Cile, ya zama shugaban jami'ar ƙasar na farko, ya wallafa nahawun Sifaniyanci a 1847, ya tsara wa Cile kundin dokokin zaman jama'a wanda aka amince da shi a 1855, ya rasu a 1865. Abin sha'awa, a 1781 aka haife shi, shekarar da aka haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu. Malamai biyu, shekara ɗaya, suna ɗaya a rubuce, kowanne ya bar littattafai ya kuma sa hannu a ginin ƙasa. Duk da haka dacewa ce kurum. Darasi na fari da ake koya wa mai nazarin harshe shi ne kamannin kalmomi biyu ba ya tabbatar da dangantakarsu sai an bi tarihin kowacce. Duk lissafin da ya tara Bello na duniya wuri guda, ya gauraya mataimakin Fulani da kyakkyawan Rumawa.

8. Batun ƙirga

Wasu ƙasashe suna fitar da lissafin sunaye daga ƙidayar jama'a. A ƙidayar Amurka ta 2010 an sami mutum 2,442,977 masu suna Simit, shi ne kan gaba. A ƙidayar Koriya ta Kudu ta 2015 masu suna Kim sun haura miliyan 10, watau kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar. Ƙidayar Nijeriya ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, ba ta fitar da jadawalin sunaye ba. Inda sunayen suke a tare shi ne manyan rajistocin hukuma: ta masu zaɓe, wadda ta ƙunshi fiye da mutum miliyan 93 a zaɓen 2023, da ta lambar ɗan ƙasa, wadda ta wuce miliyan 100 a wannan shekara.

Akwai dai wani ɗan ma'auni da kowa ke iya dubawa da kansa. Tsakanin 2019 da 2023, huɗu daga cikin gwamnoni 19 na jihohin Arewa suna da Bello a sunansu: Bello Matawalle na Zamfara a farko, Aminu Bello Masari na Katsina a tsakiya, Abubakar Sani Bello na Neja da Yahaya Bello na Kogi a ƙarshe. A wannan lokaci kuma Ministan Abuja shi ne Muhammad Musa Bello. Mutum biyar, jiha biyar in an haɗa da ta asalin ministan, ba gida ɗaya ba. Wanda ya ƙirga gurbin ƙarshe kaɗai, uku zai samu, biyu su kuɓuce masa.

Ko da an buɗe manyan rajistocin nan an ƙirga, sai an san abin da adadin yake nufi. A ƙasar da ake gadon suna, yawan masu suna ya dogara ga yawan 'ya'ya maza da gidan ya haifa tsara bayan tsara. Tun a shekarun 1870 wasu Ingilishi biyu, Galton da Watson, suka yi lissafin yadda irin wannan suna yake ƙarewa in maza suka yanke a gida. A ƙasar Hausa lissafin dabam yake. A ƙaddara wani gari mai magidanta 1,000, ashirin daga cikinsu sunansu Bello, ba su haɗa kaka ba, kowannensu yana da 'ya'ya biyar a makaranta. Rajista za ta nuna yara 100 masu Bello a ƙarshe, daga gida ashirin. Bayan shekara talatin 'ya'yan waɗannan yara za su zo da Musa da Sani da Garba a ƙarshen sunansu, wasu sababbin gidaje kuma su shigo da Bello. Ashe yawan Bello a gurbin ƙarshe a yau awo ne na farin jinin sunan a wurin masu raɗa suna shekara talatin ko hamsin da suka wuce.

Amma wannan tsari yana sakewa a gaban idonmu. Kwamfuta tana son suna tsayayye, fasfo da banki da takardar gado suna son a ga uba da ɗa da suna ɗaya, saboda haka kashi na uku yana cin kashi na biyu a hankali. Wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya. Mutanen Wales a dā “wane ɗan wane” suke yi kamar mu; da sunayen suka daskare, sai ƙasar ta cika da Jones da Williams da Davies, domin sunayen yankan da aka ɗebo su daga ciki kaɗan ne. A Denmak doka ce ta daskarar da su a ƙarni na 19, aka wayi gari Jensen da Nielsen da Hansen sun mamaye ƙasa. Mu ma sunayen yankanmu na maza da aka fi so ba su da yawa. In tafiyar ta ci gaba haka, Bello da Musa da Ibrahim da Abubakar za su zama manyan sunayen gado, kowanne ya ƙunshi dubban gidaje da ba su san juna ba.

9. Abin da wannan ya ɗora mana

Ga malaman da ke horar da malamai, magana ta fi kusa. Malamin aji ɗaya na firamare shi ne yakan fara rubuta sunan yaro a takarda, kuma abin da ya rubuta ran nan yana iya bin yaron har tsufansa. Tun daga 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a sai da lambar ɗan ƙasa, saboda haka yaron da aka rubuta Musa Bello a firamare, Bello Musa a sakandare, Musa Muhammad Bello a wurin lambar, sai ya sha zirga-zirgar kotu da sanarwar jarida kafin a yarda mutum ɗaya ne. Ya kamata a koya wa ɗalibanmu su tambayi uban yaro abu uku a rarrabe, sunan yaro, da na mahaifinsa, da na kakansa, su tambaya kuma wanne gidan ya zaɓa ya zauna a gurbin ƙarshe, su rubuta wa wa da ƙane iri ɗaya, da haruffa iri ɗaya.

Ga masu nazarin tarihi, kada a ɗauki suna a maimakon nasaba. In an ga Bello a wata tsohuwar takarda, a tambaya cikin kashi biyar ɗin nan wanne ne, a nemi “ɗan wane” a bakin dattawan gidan. Ga ma'aikatan laburare kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Andires Bello bai kamata su kwana a jere ƙarƙashin harafi ɗaya kamar 'yan gida ɗaya ba. Na farko sunansa guda ne mai kashi biyu, a ƙarƙashin Muhammadu ya dace a neme shi.

Ga mu masu nazarin harshe, aikin da ke gabanmu na gaggawa ne. Tsofaffin rajistocin makarantu, da takardun haraji, da na kotunan alƙalai, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ofisoshin masarautu, suna iya nuna shekarar da kowane gari ya bar sunan gari ya koma sunan mahaifi, da lokacin da sunan mahaifi ya fara daskarewa. Dattawan da aka fara rubuta sunayensu a makarantun elementare suna raguwa, su ne kuwa za su iya faɗin wanda ya zaɓa musu sunan da suke amsawa, da dalilin zaɓensa. Ina roƙon malaman kwalejoji su sa ɗalibansu, in sun tafi hutu, kowa ya rubuto sunayen gidansu tsara huɗu, yadda ake kiransu a gida da yadda aka rubuta su a takarda. In aka tara irin wannan daga larduna da yawa, sa'an nan za mu iya faɗin yawan Bello mu kuma san abin da muka ƙirga.